Ranar da Aka Manta da Dariya

Shekara ashirin da biyu ke nan yana fitowa a talabijin duk Asabar da yamma a matsayin Kawu Ba-Ruwana, har sunan ya bi shi gida ya danne nasa na gaskiya. Ko matarsa in ta fusata da shi, Kawu take ce masa.

Kawun cikin shirin mai gidan haya ne, irin mutumin nan da ranar da aka raba tausayi bai je ba, bai kuma aika ba. Yakan je duba marar lafiya a asibiti, ya cinye masa abinci, ya ture shi gefe ya kwanta a gadon. Ya taɓa cire ƙofar ɗakin wani ɗan haya saboda atishawarsa ta cika ƙarfi. Ya taɓa ara wa masu dakon siminti keken guragun gwaggonsa, gwaggon na kai tana barci. Duk ta'asar da ya tafka sai ya ɗaga kafaɗa, ya kalli kamara da murmushi mai sanyi, ya ce, "To, ni ba ruwana." Sai dariya ta ɓarke, masu kallo a gida su ma su ɗauka.

Shi kuwa bawan Allahn da ke sa hular Kawu, in ya yi karo da ƙofa sannu yake ce mata. In ya ga gizo-gizo a banɗaki da kofi yake kama shi ya kai waje, ya tsaya ya ga inda ya nufa. Ranar da aka yi wa 'yarsa Auta allurar farko shi ne ya suma, aka sauke yarinyar aka ba shi gadon.

Abin da masu kallo ba su sani ba shi ne, a inda ake ɗaukar shirin babu mai dariya ko ɗaya. Wani tsohon ɗakin ajiya ne mai zafin tsiya, ba kowa ciki sai 'yan wasa da Darakta da mai kamara, wanda ya daina dariya tun a shekara ta biyu. Dokar aikin ita ce, duk wanda ya saki abin dariya sai ya daskare. Ba motsi, ba ƙifta ido, ya ƙirga ɗaya, biyu, uku a zuci, sannan ya ci gaba. Wannan gurbin ne Mai Sauti ke cikewa daga baya a kwamfutarsa, ya zuba dariya daidai awo. Kawu ya ƙware a daskarewar nan har ta zame masa jiki. Ko a gida in ya faɗi magana sai ya tsaya ƙiƙam yana jira, matarsa ta ce, "Ci gaba, na yi dariyar a zuci."

Ranar Laraba Auta ta haihu, mace, jikarsa ta fari. Tsautsayi ya sa mura ta kama shi a satin, likita ta ce kada ya kusanci jaririyar sai murar ta sake shi. Ta tagar mota ya hango ta ranar da aka sallame su daga asibiti, naɗe cikin tawul, hannu ɗaya a waje. Tun daga nan babu abin da yake so a duniya irin ya ɗauke ta. Ya riƙa gwaji da matashin kai a falo, yana jijjiga shi yana masa waƙa. Ya sha duk abin da aka ce yana maganin mura, har da wanda ba a ce ba.

To, shi Mai Sauti mutum ne mai tsari a nasa ganin. Kowane sati yana da fayil uku a kwamfutarsa: Na Ƙarshe, da Na Ƙarshe Na Gaske, da Na Ƙarshe Na Gaske Wallahi. Na ukun ne mai dariya. A wannan Asabar ɗin haƙori ya hana shi sakat, ya tura wa gidan talabijin na farkon, ya tafi neman magani.

Ƙarfe shida Kawu ya zauna gaban talabijin da matarsa, hanci ya fara buɗewa, rai fes. A shirin satin, Kawu Ba-Ruwana ya je yi wa matar wani ɗan haya barka, aka miƙa masa jariri, aka kuma kawo masa shayi. Hannu biyu, kaya biyu, ga kuma biskit. Sai ya waiga, ya ga ƙusar da ake rataya lema a bayan ƙofa, ya rataye jaririn ta wuyan riga, ya zauna ya kurɓi shayinsa. Uwar ta ɗora hannu a ka. Ya kalli kamara ya yi murmushin nan nasa. "To, ni ba ruwana."

Shiru.

Ɗaya, biyu, uku. Wani dattijo a cikin akwatin talabijin yana kallon mutane ido cikin ido, bai ƙifta ba, murmushi a bakinsa, jariri na lilo a bayansa. Ba a jin komai sai ƙarar fankar ɗakin ajiya.

"Talabijin ɗin ce ta lalace?" in ji matarsa.

Minti ashirin da biyar aka yi a haka. Kawun cikin shirin ya zuba wa ɗan haya gishiri a maganin ido, ya daskare. Ya gaya wa wata tsohuwa ɗanta ya rasu don ta tashi ta ba shi kujera, ya daskare. Ta bangon falo sukan jiyo dariyar maƙwabta duk sati, yau ko tari babu. Da aka gama, matarsa ta tashi ta kwashe kofuna, ya kuma lura har wuƙar yanka burodi ta tafi da ita.

Washegari murar ta tafi, kamar ita ma ta kalli shirin. Ya yi wanka, ya sa rigarsa mafi laushi don kada ta ƙuje wa jaririya kunci, ya fita. Matar maƙwabcinsa na ganinsa ta janye 'ya'yanta ciki ta sa sakata. Mai aski, wanda ya saba tsayar da shi ya ce sai ya yi masa "ba ruwana", ya duƙa yana neman abin da bai faɗi ba. A hanya Darakta ya kira shi yana murna, wai ba a taɓa maganar shirinsu kamar jiya ba, har wani malamin jami'a ya nemi kwafi zai koyar da ɗalibai. Kawu bai tambayi darasin me ba.

A gidan Auta, surukinsa ne ya buɗe masa ƙofa, ya gaishe shi a tsaye, ya ce bari ya dafa ruwa, ya shige kicin. A bakin ƙofar ɗakin mai jego kuwa, kan kujerar roba, uwar surukin ce zaune, wadda kowa ke kira Sista. Shekara talatin ta yi tana aikin jinya a asibitin masu taɓin hankali kafin ta yi ritaya, kuma ritayar ba ta kai ga idonta ba. Ba ta kallon wasan kwaikwayo, ta ce ɓata lokaci ne. Jiya ne karo na farko da ta zauna ta kalla, don kara, tunda yanzu an haɗa jika.

"Ranki ya daɗe, barka da asuba, barka da arziki," in ji Kawu, ya rusuna har da dafa ƙirji. "Kullum ƙara ƙuruciya kike yi."

Sista ta buɗe wani littafin rubutu mai bangon kwali, ta yi alama.

"Zauna, Malam. Can, ba nan ba."

Ya zauna. Ta bayan ƙofar ya jiyo ɗan ƙaramin kuka kamar na mage.

"Akwai wasu mutane," in ji Sista, "muna da dogon sunan da muke kiran su a asibiti, ba sai na wahalar da kai ba. Ba mahaukata ba ne. Sun fi ni da kai wayo. Sai dai an halicce su ba tausayi, ba nadama, ba kunya. Alamominsu ashirin ne. Jiya na ƙirga sha tara a jikinka kafin a sa talla."

"Ai wasa ne, Sista."

"Haka suke cewa. Alama ta farko daɗin baki, ka riga ka ba ni ita tun daga bakin ƙofa. Mene ne aikinka?"

"Kwaikwayo."

"Wato ka tsaya gaban jama'a ka ce kai wani ne, alhali ba shi ba ne."

"To, kusan haka."

"Shekara nawa?"

"Ashirin da biyu."

"Ƙarya ba gajiya," ta faɗa tana rubutawa. "Da ka rataye jaririn nan, ka yi nadama?"

"Ai 'yar tsana ce. Ta roba. Kanta ma cirewa yake."

"Ka cire?"

"Sau ɗaya, don a sa mata batir."

Ta daɗe tana rubutu a kan wannan. Kawu ya ga abin na neman ƙwace masa, ya shiga bayani. Ba shi ke ƙirƙirar maganganun ba, marubuci ne. Ba shi ya ce a sa ƙusa ba, Darakta ne. Shirun kuma laifin Mai Sauti ne da haƙorinsa. Ya kawo ƙarshen bayanin da kyau, ya ji ya burge, sai jikinsa ya yi abin da ya saba: ya daskare, ido a kanta, murmushi a baki, ɗaya, biyu, uku.

Sista ta ja kujerarta ta ƙara manne wa ƙofar.

"Ɗora wa wasu laifi," ta ce. "Da kallon maciji. Biyu a lokaci ɗaya."

Daga nan ta ajiye biro, ta buɗe baki ta yi wata doguwar hamma a gabansa. Hamma ta taso wa Kawu tun daga ƙirji. Amma ina shi ina wage baki gaban surukar 'yarsa? Ya danne ta, ya cije, ya haɗiye, har kunnuwansa suka yi ƙara.

"Mai tausayi in an yi hamma gabansa sai ya yi," in ji Sista. "Kai ko gezau."

Nan fa hawaye suka zo masa, na gaske, masu zafi. Ya ce shi dai a bar shi ya ɗauki jikarsa ko na minti ɗaya, a zaune, a ƙasa ma in ana so, a kewaye shi da matasan kai.

Sista ta leƙa fuskarsa da kyau. "Ka iya kuka in an ce ka yi?"

Da mutumin kirki ne mai wayo da ya ce a'a. Shi kuwa mutumin kirki ne kawai, kuma yana alfahari da sana'arsa.

"Na iya," ya ce yana jan hanci. "Har da ido ɗaya. Wanne kike so?"

Ta rufe littafin. Ta ce rigakafi ya fi magani, kuma muddin tana numfashi ba za a miƙa masa jinjira a gidan da ke da ƙusa ba. Surukinsa ya leƙo daga kicin ya ce ruwan bai tafasa ba tukuna, ya koma.

Kawu ya kwana yana juyi, da safe ya yanke shawara irin ta wanda ya rasa mafita. Tunda rashin dariya ne ya jawo, to a kai wa Sista dariyar har gida. Ya je ya ɗauko Mai Sauti, kunci a kumbure kamar ya ɓoye lemo, da kwamfutarsa da wata ƙatuwar lasifika. Da hantsi suka isa. Surukin ya buɗe ƙofa, ya ga lasifika, ya ce bari ya dafa ruwa.

Aka jona waya a falo. Mai Sauti ya kunna wurin rataye jaririn, wannan karon Na Ƙarshe Na Gaske Wallahi. Kawun cikin shirin ya rataye jaririn, ya ɗaga kafaɗa, dariya ta cika falon har labule ya motsa. Akwai wata mata a cikin masu dariyar da ke shiɗewa tana jan numfashi kamar jaki, Kawu ya daɗe yana ƙaunarta bai san ta ba.

"Kin gani?" ya ce. "Da dariya ai ba komai."

"Sake sa wancan," in ji Sista. Aka sa marar dariya. "Sake sa wannan." Aka sa. Ta gyara gilashinta. "Abin da ya yi a nan, da abin da ya yi a can, akwai bambanci?"

"Hoto ɗaya ne," in ji Mai Sauti ta gefen baki.

"To su waye ke dariyar?"

Mai Sauti, da yake an taɓo fanninsa, sai ya manta da haƙori. Ya ce ai dariyar ta girmi shirin. Ya gaje ta ne daga wanda ya koya masa aiki, an naɗe ta shekara arba'in da suka wuce a wani zauren taro, ranar da kujera ta karye da babban baƙo. Ita ake ta juyawa. Ya ce a lissafinsa rabin mutanen ma sun rasu.

"Wato matattu ne ke masa dariya," in ji Sista, "kuma ba shi suke wa ba."

Kawu ya kalli lasifikar. Shekara ashirin da biyu yana zaton matar nan mai shiɗewa shi take wa.

Sista ta miƙe tsaye, ta ce bari ta ba su labarin wani da aka taɓa kawo musu asibiti, mai fara'a kamar wannan, wanda ya kulle mahaifiyarsa a ɗaki kwana uku. Mai Sauti ya matsa zai rage ƙara don girmamawa, gwiwar hannunsa ta danna maɓalli. Falon ya ɗauka da dariya, da tafi, da fito, matar nan na shiɗewa. Ya daburce ya danna wani, aka ƙara wata a kan ta farko. Ya fizge wayar da yake zaton ita ce, fanka ta tsaya. A cikin ɗaki jaririya ta tsala kuka, mutanen shekara arba'in suka yi ta ƙyaƙyatawa a kanta.

Ƙofar ɗakin ta buɗe. Auta ce, da zanin barci, ido duk rashin barci, jaririyar a kafaɗa. Ta taka a hankali ta zare wayar lasifikar daga bango da yatsan ƙafa. Aka yi tsit, sai kukan da ke lafawa.

"Mama, ki bar shi haka," ta ce wa Sista. "Baba ko sauro ba ya iya kashewa, kora yake. Ni na san shi."

Kawu ya ji kamar an sauke masa dutse daga ka. Ya fara miƙa hannu.

"Amma ba ki yi ƙarya ba," in ji Auta, ta zauna a hannun kujera tana bubbuga bayan 'yarta. "Baba, ka tuna shirin da ka kai 'yar abokinka tasha? Ka ce ta tsaya nan ka sayo mata ruwa, ka zagaya ka shiga mota, don kana son kujerarta ka ɗora fankarka."

Ya tuna mana. Yana cikin waɗanda aka fi so, sau huɗu aka maimaita shi.

"Shekarata shida lokacin. Muna falo, gida cike da mutane, kowa na riƙe ciki. Ni kuma yarinyar nake kallo, tana tsaye da 'yar jakarta tana duba hanya. Rigarmu iri ɗaya ce, mai ɗigo-ɗigo."

"Ai rigarki ce," ya ce a sanyaye. "Ta masu shirin ba ta zo ba, na ara musu."

"Na sani. Na gane ta." Ta gyara wa jaririyar hula. "Daga ranar, duk inda za mu sai na riƙe maka gefen riga. Kasuwa, makaranta, gidan Gwaggo. Ko banɗaki ka shiga a wani wuri, ina bakin ƙofa."

Wannan ma ya tuna. Ya fi shekara tana yi. Ya sha tsayar da mutane a titi ya nuna musu, ya ce ku ga yadda 'yata ke sona, ko saki ba ta yi. Har Darakta ya taɓa ɗaukar su hoto a haka, yana nan a bangon ɗakinsa.

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Kowa dariya yake yi, Baba. Na ɗauka ni ce ban gane ba." Ta ɗan yi murmushi. "Na girma na gane. Amma shekaranjiya, da na ga Mama ta tsorata, da na ji unguwa ta yi shiru, wallahi sanyi na ji. Ashe dai akwai abin tsoron."

Mai Sauti ya rufe kwamfutarsa a hankali. Sista ta dubi littafinta, ta dubi mutumin da ke zaune hannuwansa a sake kan gwiwa, fuskarsa ta rasa inda za ta sa kanta. Bai yi kuka ba, ko da ido ɗaya. Kunya ce da baƙin ciki suka rufe shi, irin waɗanda ba a koya masa yadda ake nuna su a kamara ba.

Auta ta taso ta tsaya gabansa.

"Buɗe hannu."

"Bari dai," ya ce. "Wataƙila Sista ta fi ni gaskiya."

"Buɗe hannu, Baba, ta yi mini nauyi."

Ya buɗe. Ashe ko kusa ba ta kai matashin kai nauyi ba, ga ɗumi, ga ƙamshin sabulu. Sista ta matso da sauri, ya zaci ƙwacewa za ta yi, sai ta kama gwiwar hannunsa ta ɗaga.

"Tallafe mata kai. Ba na roba ba ne."

Jaririyar ta yi miƙa, ta yamutsa fuska, hannunta ya yi ta lalube har ya dace da bakin aljihun rigarsa, ta damƙe. Da jiya ne, da ya tara gidan kaf, har da na kicin, su zo su ga yadda jikarsa ke sonsa. Ya daɗe yana kallon 'yan yatsun. Sannan ya sunkuya ya ce mata ƙasa-ƙasa, "Ina nan. Ba inda za ni."

Auta ce ta amsa, daga inda take tsaye.

"To, Baba."